Hallucination na na'ura: ni dai na tsaya kan "shaci-faɗi"

Shekaranjiya na tambaye ku kalmar Hausa da za ta ɗauki abin da ake ce wa hallucination, wato ChatGPT ko ƴan uwansa, na'urorin nan masu amsa tambaya a rubuce, su zubo maka bayani tsaf, alhali babu shi ko'ina a duniya. Amsoshi sun zo daga nan Yamai har Tawa da Ƙonni. Na gode ƙwarai. Kafin in faɗi inda na tsaya, ga abin da ya sa na yi tambayar.

Wata ɗaliba da nake duba kundinta na masta ta kawo mini babi na biyu, kan cinikin albasar Galmi. Da na iso jerin madogara, sai wata muƙala ta tsayar da ni, don fagena ne kuma ban taɓa jin ta ba. Marubucin mutum ne na gaske. Mujallar ma tana nan. Ga shekara, ga lamba, ga shafuka. Na buɗe wannan lambar a intanet, sai na tarar da magana kan kiwon awaki a shafukan. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i: huɗu cikin goma sha biyar babu su. Da na nuna mata, ta dafe kai ta ce, "Mushe, wallahi ban ƙaga ba, haka na'urar ta ba ni." Na yarda da ita. Amma da na zo in gaya mata sunan abin da ya same ta, sai na rasa kalma a harshen da ni da ita muka sha a nono.

Mafi yawanku kun ce "gane-gane". Fassara ce daidai, sai dai tana ɗauke da kuskuren kalmar asali. Mai gane-gane yana da ido, ciwo ne ya juya masa abin da yake gani. Na'urar nan ba ta ga komai ba, ba ta kuma shiga ɗakin karatu ba. An horar da ita da tulin rubutu, aikinta ta hasaso kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Ta san kamannin madogara, suna sannan shekara sannan shafi, sai ta ƙera wadda ta yi kama da ta gaske.

Wata ƴar uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo "sambatu". Kalma ce mai daɗi, amma mai sambatu ba ya ruɗin kowa, daga jin maganarsa ka san zazzaɓi ne. Wannan kuwa magana ce a tsare, da waƙafi da aya. "Ƙarya" ma na ajiye ta, don ƙarya sai da niyya.

Wanda ya fi daɗe mini a rai shi ne abin da wani dattijo malamin zaure daga Tawa ya rubuto. Ya ce, "Ɗana, ai wannan tsohon ciwo ne. Malaman hadisi sun sha fama da masu ƙera isnadi, su jera sunayen mutanen kirki a gaban maganar da ba su faɗa ba." Allah ya saka da alheri, Baba Malam. Wallahi abin da na gani a takardar yarinyar nan ke nan: an jingina wa malami mai rai aikin da bai yi ba, kuma kyan sunansa ne ya sa aka amince. Baba Malam ne ya ba da shawarar "ƙage". Na karɓe ta, amma ga madogarar kawai: ƙagaggiyar madogara. Ba kowane kuskuren na'ura ne jingina wa wani ba, wani lokaci shekara ce ko adadi take zubowa.

Ga uwar matsalar kuwa, "shaci-faɗi" ta fi zama. Mai shaci-faɗi ba mahaukaci ba ne, ba lalle maƙaryaci ba ne. Mutum ne da bai bincika ba, ya kintata, ya faɗa da gaba gaɗi. Wani lokaci ma ya dace da gaskiya, kuma haka na'urar take. Abin da ya fi mini muhimmanci shi ne, duk Bahaushe ya san wanda ya ɗauki shaci-faɗi ya kai gaban alƙali shi ya jawo wa kansa. Kalmar ba ta wanke mai sa hannu ba.

Nan ma masu buga bincike suka tsaya. Tun watan Janairun 2023 mujallar Nature ta ce ba za ta karɓi irin wannan na'ura a matsayin marubuciya ba, don ba ta iya ɗaukar alhaki, kuma wanda ya yi amfani da ita ya bayyana. A watan Fabrairu ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ta faɗi haka. A watan Yuni na shekarar wani alƙali a Niyok ya ci lauyoyi tarar dala 5,000 kan shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu suka shigar kotu. Mu malaman jami'a da ƙarin girmanmu ke bi ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, bisa abin da muka wallafa, wannan magana tamu ce. Tunda kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, ina so ranar da za a rubuta ƙa'idar amfani da na'urar a jami'o'inmu a tarar da kalmar a hannu.

Wani ƙane ya ce kalmar ta yi sauƙi, ba ta da ƙamshin ilimi. Ƙanena, na gwada ta a kan ɗalibar. Na rubuta mata a gefen shafi da jan biro: "Shaci-faɗin na'ura. Nemo muƙalar, ki karanta da idonki, ko ki cire." Ba ta tambaye ni ma'ana ba. Ranar Alhamis za ta dawo da babin, da kofin shafin farko na kowace madogara.