Dan Allah a bani shawara, kaska ta ciji maigidana a Suwidin kuma ya ƙi zuwa asibiti

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa, wanda ya san wani abu kan wannan ya taimaka min wlh barci ya gagare ni. Maigidana likitan dabbobi ne, yana digirin digirgir a Suwidin garin Upsala. Tafiyar ma da ƙyar aka yi ta sai da ya saida filinsa na Rigachikun aka haɗa da kuɗin adashena, Hajiyarsa bata so ba sam tace me zai kai ɗan musulmi ƙasar da rana bata son faɗuwa azumi ya zai yi, sai da kawunsa ya zo takanas daga Zariya ya sa baki. Ni da yara aka dawo damu ɓangaren Hajiya a Unguwar Dosa dan kar a ringa biyan haya, to kun dai san zaman gidan suruka ko waya zan yi sai na rufe ƙofa. Aikinsa shine maharba ke kawo musu gawar yanyawa, jajayen nan masu jela buzu-buzu, su tsince kaskar jikinsu su ɗebi jini da saifa suna neman cututtuka, wani sa'in kuma su shiga daji suna jan farin ƙyalle bisa ciyawa kaska na maƙalewa. Shine ya turo min hoton cinyarsa wani jan zobe ya fito yana ƙara faɗi tsakiyarsa da haske, wai kaska ce amma ba zafi zai wuce. Nace ya je asibiti yace aiki ya masa yawa. Na sayo magani a kemis zan ba wani mai tafiya ya kai masa. Ga cuku-cukun biza ana mana mu bi shi. In faɗawa Hajiya ko in yi shiru? Kuma yara fa, in kai su wurin nan?

Alhajin Zango: Hhh kaska? Hajiya kwantar da hankalinki. Mu da muke wuni cikin shanu a Tudun Wada in da kaska na kisa da tuni an yi arba'in ɗinmu. Ya shafa kananzir shikenan.

Dakta Barnawa: Alhaji kar ka ja mata. Ƙanwata wannan zoben da kika kwatanta alama ce sananniya ta cutar Laim, sunan wani gari ne a Amurka inda aka fara lura da ita a 1975, ƙwayar Borrelia ce ke kawo ta. Kaskar can daban take da tamu, Ixodes ricinus, ƙanananta basu kai ƙwayar riɗi ba shi yasa mutum baya ganinsu sai sun sha sun ƙoshi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Zoben zai iya ɓacewa da kansa amma ƙwayar na nan, bayan makonni ko watanni ta dawo a gwiwa, ko ta karkatar da gefen fuska, wani ma ta taɓa bugun zuciya. In an kama ta yanzu abu ne mai sauƙi, can penisilin suke fara bayarwa in zobe ɗaya ne, in sun yi yawa ko da zazzaɓi su bada doksisaikilin. Ya kira 1177, layin shawarar lafiya ne na ƙasar. Shi da ke wannan bincike ya fi ni sanin duk wannan, taurin kai ne kawai irin namu na likitocin dabbobi. Tambaya biyu, yaushe ta cije shi, kuma ya yi allurar rigakafin TBE, wata cutar da kaskar can ke kawowa?

Maman Ihsan: Dakta ba taurin kai bane wlh, malaminsa ne ya matsa masa lokacin kaska ɗan kaɗan ne in sanyi ya shigo shikenan sai baɗi. Mutumin da ke turo mana kuɗin makarantar yara daga ɗan abin da ake bashi ai bai kamata a ce masa mai taurin kai ba.

Uwar Biyu: 'Yar uwa ni maganar bizar ce ta tsaya min. Ki bi mijinki ko da kaskar ta kai girman kunkuru. Nawa haka ya tafi karatu waje aka ce min in zauna in kula da yara, na zauna, ya dawo min da takarda da amarya. Har yau danginsa cewa suke ni na ƙi binsa.

Ummi Kawo: A'a Anty lafiyar yara fa? Ni dai bazan kai 'ya'yana inda kwaro ke taɓa ƙwaƙwalwa ba. Kuma yanyawa ai dangin kare ce kar ace haukan kare ne.

Dakta Barnawa: Ba haukan kare bane, Suwidin ta rabu da shi tun 1886, kuma shi ta cizon dabba yake shiga ba ta kaska ba. Mai taɓa ƙwaƙwalwar itace TBE da na tambaya ba a bani amsa ba. Ita bairos ce, maganin kemis baya mata komai, kuma yankin Istokholm da Upsala na cikin inda ta fi yawa. Zazzaɓi take fara yi kamar mura, ya sauka mutum ya zata ya warke, bayan kamar sati ya dawo da ciwon kai mai tsanani. Laim sai kaskar ta daɗe a jiki kamar kwana guda, TBE kuwa da wuri take shiga. Amma tana da rigakafi allura uku, har yara ana musu, kuma duk biyun mutum baya shafawa mutum. Yanyawar kuma ku daina ɗora mata laifi, abin da aka fi samu a jininta irin su Babesia vulpes da Hepatozoon canis matsalar karnuka ce. Ana duba ta ne dan tana yawo tana kwaso kaskar yanki guda, sai a gane me ke yawo a wurin. Ɓeraye da tsuntsaye ke riƙe Borrelia, barewarsu kuma ke ciyar da manyan kaskar. Da sanyin ƙasar ya ragu kaskar na ta hawa arewa, zafi ya kai maki 5 ta farka. Ni na fi zargin wurin jan ƙyallen nan ya kwaso ta.

Alhajin Zango: Dakta kai dai turanci. Mu da kirci ke cinye mana fatar shanu kabowa na kayar da su wa ya zo ya duba? Bara na sayi maganin fesa kaska wurin wani mai shago ashe ruwa ne da kala, bijimai biyu na rasa, na koma yace min ƙaddara ce.

Dakta Barnawa: Nan kam na yarda da kai. Kaskar Amblyomma ce ke kawo kabowa ita ke tsananta kirci, muna da cibiyoyin binciken dabbobi a Vom da Shika amma yaranmu masu kai sai su tafi binciken yanyawar turawa dan can ne kuɗi yake. Sai dai kananzir ɗinka ka ajiye, ba a shafawa kaska komai, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali. Nan ma ai ta riga ta faɗi, me zai shafawa?

Maman Ihsan: Dakta yace dawowa zai yi da ilimin ai ba gudu ya yi ba. Allurar ban sani ba gaskiya bai taɓa faɗa min ba. Maganin da na saya shine doksi ɗin da ka faɗa, kaga kenan na yi daidai.

Dakta Barnawa: Ban ce ki aika ba! Mutum na zaune inda likita zai duba shi ya rubuta masa wanda ya dace, ke kina nan kina masa kemis ta hoto, mai tafiyar ma ki ja masa tambayoyi a filin jirgi.

Baban Khairat: Ki faɗawa Hajiya. Namiji baya jin matarsa a irin wannan amma uwa ta kira sau ɗaya da gudu zai je asibitin.

Ummi Kawo: Kar ki soma, cewa za a yi ke kika zuga shi ya tafi.

Maman Ihsan: Shine fa Ummi, kuma tana da hawan jini. Ni dai zan bada saƙon ko bai sha ba ya zama yana da shi a ɗaki, na riga na biya kuɗi. Asibitin zan ƙara masa magana in ya tashi aiki.

Dakta Barnawa: Ki tambaye shi allurar. Kuma yaushe ta cije shi, har yanzu baki faɗa ba.

Uwar Biyu: Ni dai nace ki karɓi bizar.

Alhajin Zango: Dakta tunda kana nan wane maganin fesa ne na gaske yanzu, kuma nawa lita?