Waƙoƙin Ayilan: a rera su, ko a karanta su kamar magana?

Malamar Adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Turanci a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma a ƙarshen wannan zango za mu yi taron karatun waƙa a gaban iyaye. Na zaɓar wa ɗalibaina waƙoƙi biyu daga ƙasar Ayilan, wato "The Lake Isle of Innisfree" ta W. B. Yeats da "Mid-Term Break" ta Seamus Heaney, saboda gajeru ne kuma kalmominsu ba su da tsauri. A ranar gwajin farko wata yarinya ta tashi ta rera waƙar Yeats da irin muryar da ake rera waƙoƙin Islamiyya, tana jan ƙarshen kowane ɗango, sai ajin ya fashe da dariya. Wadda ta biyo bayanta, don gudun kada a yi mata dariya, ta karanta ta Heaney a guje kamar mai karanta cigiya a rediyo, har ta gama babu wadda ta gane cewa labarin rasuwar ƙaramin yaro ake bayarwa.

Gaskiyar magana ita ce ni kaina da ido na karanta waɗannan waƙoƙi a jami'a, muka fitar da jigo da salo muka rubuta jarrabawa, ban taɓa jin su a bakin kowa ba. Ina roƙon masana su taimaka mini: mutanen Ayilan rera waƙoƙinsu suke yi, ko karantawa suke yi kamar zance? Wace daga cikin yaran nan biyu ta fi kusa da daidai?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Ki koma ki ba yarinyar farko haƙuri a madadin ajin, domin ita ce ta fi kusa da yadda mai waƙar ya so a ji ta. A shekarun 1930 gidan rediyon BBC ya naɗi muryar Yeats yana karanta wannan waƙa, kuma ana samun muryar a intanet har yau. Kafin ya fara, ya gargaɗi masu saurare cewa zai ƙarfafa kari sosai, ko da hakan zai zo musu baƙo, saboda ya sha wahala ƙwarai kafin ya saka maganar cikin kari, don haka ba zai karanta ta kamar zube ba. Idan kika saurara za ki ji tsoho yana jan murya a kan kusan sauti ɗaya, tsakanin magana da rerawa, kuma da a ajinki ya yi hakan da shi ma ya sha dariya. Shekaru da dama kafin wannan ma ya yi aiki da wata 'yar wasan kwaikwayo, Florence Farr, wadda take furta waƙoƙi tana kaɗa wani kayan kiɗa mai tsirkiya, duk don neman yadda waƙa za ta koma kunne.

Sanin asalin waƙar zai taimaki yarinyar. Yeats ya rubuta ta a 1888, yana ɗan shekara 23, yana zaune a Landan cikin kewar gida. Ya ba da labari cewa yana tafiya a kan titi sai ya ji ƙarar ruwa daga wani ɗan famfon ado a tagar kanti, nan take ya tuna ruwan tafkin Lough Gill da ke yankin Sligo, inda ya yi ƙuruciyarsa a wajen dangin mahaifiyarsa. Innisfree ɗan tsibiri ne a cikin wannan tafki. Mai magana a waƙar yana cewa zai tashi ya tafi can, ya gina 'yar bukka ta laka da tsarkiyar itace, ya shuka kunya tara ta wake, ya ajiye amyar zuma, ya zauna shi kaɗai cikin kukan ƙudan zuma. Sai a baiti na ƙarshe ake gane cewa bai je ko'ina ba, yana tsaye ne a kan titin birni, ruwan kuma a cikin zuciyarsa yake jin sa. Mai karatun da ta san haka ba za ta yi gaggawa ba, kuma za ta sauke murya a baitin ƙarshe.

Sai dai akwai gyara ɗaya da dole a yi mata. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar na Larabci, yana tafiya ne bisa gaɓa mai nauyi da maras nauyi, shi ya sa muke iya ɗora waƙa a kan murya ɗaya daga farko har ƙarshe. Karin Turanci kuwa yana bisa gaɓar da ake dannawa da wadda ake wucewa a kanta da sauri. Waƙar baiti uku ce, kowanne ƙwar huɗu. Ɗango uku na farko dogaye ne masu bugu shida da ɗan hutu a tsakiya, na huɗu kuma gajere ne mai bugu huɗu. Ki sa ta ta riƙa buga tebur da yatsa a kan gaɓoɓin da ake dannawa har kunnenta ya kama, sannan ta ja murya a kansu kaɗai. Jan ƙarshen kowane ɗango shi ne ya jawo dariyar.

Ki kuma gaya wa yaran cewa sun riga sun san Yeats ba su sani ba, domin daga waƙarsa "The Second Coming" ta 1919 Chinua Achebe ya ɗauko sunan littafinsa "Things Fall Apart".

Ɗan Zazzau ya amsa:

Baba, na yarda da bayaninka a kan Yeats, amma ina jin tsoron kada Malama ta ɗauka cewa haka za a yi wa Heaney. Idan aka rera "Mid-Term Break" an kashe ta. Heaney ya naɗi kusan dukkan waƙoƙinsa da muryarsa a gidan rediyon ƙasar, RTÉ, a 2009 lokacin da ya cika shekara 70, kuma duk wanda ya saurare shi zai ji mutum yana magana a hankali da karin harshen ƙauyensu na yankin Derry, ba ya ɗaga murya, ba ya wasan kwaikwayo da ita. Yeats ya karɓi lambar Nobel a 1923, Heaney a 1995, kuma a tsakanin waɗannan shekaru kunnen masu saurare ya canza.

Malama, abin da ya faru a waƙar gaskiya ne. A 1953 mota ta buge ƙanensa Christopher, Heaney kuwa, wanda shi ne babba cikin 'ya'ya tara, yana makarantar kwana a birnin Derry. Waƙar ta bi abubuwan da yaron ya gani ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta faɗi abin da ya ji a ransa ba. Ya shafe safiya a ɗakin jinya na makaranta yana ƙirga ƙararrawar darussa, maƙwabta suka zo da ƙarfe biyu suka kai shi gida, ya tarar da mahaifinsa yana kuka a bakin ƙofa, mutumin da bai saba nuna rauni a wajen jana'iza ba. Jariri yana dariya a cikin kekensa, tsofaffi suna miƙewa tsaye suna ba yaron hannu, shi kuma kunya ta kama shi. Duk wanda ya taɓa zama babban ɗa a zaman makoki ya san wannan kunyar. Washegari da safe ya hau ɗaki ya ga ƙanensa a karo na farko cikin mako shida, da ɗan tabo ja a gefen goshinsa na hagu.

Wajen karatu, abu biyu zan ba da shawara a kansu. Na farko shi ne sabi-zarce, domin jimloli da yawa suna tsallakawa daga ɗango zuwa ɗango, har daga baiti zuwa baiti, kuma yarinyar da ta tsaya cak a ƙarshen kowane layi za ta yanka maganar gunduwa-gunduwa. Ta bi jimla, ta ɗan rage gudu kawai a bakin ɗango. Na biyu shi ne ƙarshen waƙar. Baiti bakwai ne masu ƙwar uku, sannan ɗango ɗaya tilo a ƙasa, wanda yake auna akwatin gawar da ƙafa huɗu, ƙafa ɗaya ga kowace shekara ta rayuwar yaron. Nan ne amsa-amo ya fito sarai da ɗangon da ya gabace shi, bayan waƙar ta yi ta kauce masa tun daga sama. Farin da ke kan takarda kafin wannan ɗango shiru ne da aka rubuta, saboda haka ta ja numfashi cikakke, sannan ta faɗe shi da murya ɗaya da sauran.

Idan akwai yarinya ta uku, ina ba da shawarar waƙa ta uku cikin jerin "Clearances", wadda Heaney ya yi wa mahaifiyarsa bayan rasuwarta, kuma wadda jama'a suka zaɓa a ƙuri'ar da RTÉ ta shirya a 2015 a matsayin waƙar da suka fi so cikin shekara ɗari. Ba komai a cikinta sai yaro da uwarsa suna feraye dankali, irin wanda muke kira Arish a kasuwa, suna jefawa cikin bokitin ruwa yayin da sauran 'yan gida suka tafi coci. Da ya tsaya a bakin gadon mutuwarta, limamin coci yana addu'a, wannan zama ya tuna. Ƙarar faɗuwar dankalin cikin ruwa tana cikin kalmomin, kuma sai an furta ake jin ta.

Mazauniyar Dablin ta amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Baba da ɗan'uwana Ɗan Zazzau duk sun tsaya a kan waƙoƙin Turanci, amma tushen wannan son jin waƙa da kunne yana cikin harshen ƙasar na asali, wato Gelik, wanda har yanzu ake koyarwa a makarantu. Akwai wani makaho mai suna Antoine Ó Raifteirí, ɗan yankin Mayo, wanda ciwon agana ya makantar tun yana yaro, ya rayu yana yawo da gogensa yana yi wa mutane waƙa har ya rasu a 1835. Bai rubuta ko ɗango ɗaya da hannunsa ba. Mutane ne suka haddace, wasu suka rubuta, sai a farkon ƙarni na 20 Douglas Hyde, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar na farko, ya tattara su ya buga. Da na ji labarinsa Aliyu Namangi ne ya faɗo mini a rai, da yadda Imfiraji ta yaɗu a bakin makafi kafin yawancinmu mu gan ta a littafi.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce waƙar makokin da Eibhlín Dubh Ní Chonaill ta yi wa mijinta Art Ó Laoghaire, wanda aka harbe a yankin Cork a 1773. A lokacin dokar Turawan Ingila ta ba ɗan Furotesta damar saye dokin ɗan Katolika a kan fam 5 ko nawa darajarsa, Art kuwa ya ƙi sayar da goɗiyarsa ga wani mai muƙami, rigimar ta kai ga kisansa. A cikin waƙar matar tana faɗin yadda goɗiyar ta dawo gida ita kaɗai da jini a jikinta, yadda ta haye ta ta kai ta inda gawar take. A kan gawa ta yi wannan waƙa bisa al'adar matan ƙasar ta kukan mamaci, kuma shekaru da dama tana yawo a baki kafin a rubuta ta daga wata tsohuwa mai wannan sana'a.

Akwai kuma waƙar da aka yi don a rera ta zalla. Patrick Kavanagh, manomi ɗan mai gyaran takalma daga Inniskeen, ya ɗora "On Raglan Road" a kan wata tsohuwar murya ta gargajiya, aka buga ta a 1946, daga baya ya ba mawaƙi Luke Kelly ya rera. Yau da wuya a yi zaman hira da kiɗa a nan ba a ji wani ya ɗauko ta ba, kuma da yawa daga masu rera ta ba su taɓa ganin ta a takarda ba. Mutum-mutumin Kavanagh yana zaune a kan benci a bakin magudanar Grand Canal a nan Dablin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, hularsa a gefe. Saboda haka ba amsa ɗaya ba ce, Malama: ta Kavanagh rerawa, ta Yeats jan murya, ta Heaney magana. 'Yan sakandare a nan ma suna da gasar karatun waƙa da ka mai suna Poetry Aloud, kuma haddacewa ake yi, ba a riƙe takarda. Ki kula da sunaye a ranar taro: "Yeits" ake cewa, da "Sheimas Hini".

Malamar Adabi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na kunna musu muryar Yeats a wayata, kuma kamar yadda Baba ya faɗa, sun yi masa dariya, amma yarinyar farko ta zauna tana murmushi kamar wadda aka wanke a kotu. Mun yi bugun tebur, ta rage jan ƙarshen ɗango, ko da yake har yanzu tana danna kowace gaɓa a ɗangon ƙudan zuma. Yarinya ta biyu na karɓe mata takarda na ba ta labarin Christopher da Hausa kafin ta sake gwadawa. Ta yi shirun da Ɗan Zazzau ya ce kafin ɗangon ƙarshe, sai shirun ya yi tsawo har na ɗauka mantawa ta yi, ashe ta rasa ƙanenta ne shekara biyu da suka wuce, ni kuma ban sani ba. Na tambaye ta ko za ta so a canza mata waƙa, ta ce a bar mata ita. Yanzu ina neman wadda za ta ɗauki ta feraye dankali, kuma ina roƙon Ɗan Zazzau ya nuna mini inda ya kamata a ja numfashi a baitinta na biyu, domin jimlar ta yi wa yaran tsawo.