Tsohon man gurza fenti ko na zamani: wanne ya dace da motata?

Direban Agege:
Assalamu alaikum. Ina da baƙar Corolla ƙirar 2008 wadda zafin rana da iskar teku ta Legas suka dusashe mata fenti, musamman a bonet da rufi. Mahaifina yakan goge tsohuwar Fijo 504 ɗinsa da man gurza mai kaushi na gwangwani, ta fito kamar sabuwa, amma da na je kasuwar Ladipo sai aka nuna mini man gurza na zamani, Meguiar's M105 da M205, masu ɗan karen tsada. Shin tsohon ba zai wadatar ba?

Mai Fenti, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fentin motar Baba daban yake da naka. Fentin da shafi ɗaya ne, launi da ƙyalli a haɗe, shi ya sa idan ana gogawa launin kan fito a jikin tsumma. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka koma shafa launi, sannan su rufe shi da wani shafi garai-garai da muke kira kiliya, wanda kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. Tsohon man yana cin kiliyar nan da sauri, kuma yana barin zane-zane kamar saƙar gizo, waɗanda baƙar mota ba ta iya ɓoyewa idan rana ta haska ta. Na zamani ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai. Ka fara da M205, wato mai laushin, a wuri kamar faɗin tafin hannu. Sai idan ya gaza za ka koma M105 mai ƙarfin gurza, sannan ka sake bi da M205.

Alhajin Mile 12:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai hannun mai aiki ma abin dubawa ne. Bara wani ya ɗora wa motata injin goge fenti da tsakar rana, ƙarfe na zafi, ya ƙone mini gefen ƙofa har farin shafin da ke ƙarƙashin fentin ya bayyana, abin da har yanzu yake damuna. A wanke yashi tukuna, a yi aikin a inuwa.

Direban Agege:
Na gode ƙwarai. Rufin kuma ya yi fari-fari, yana ɓarewa kamar saɓar maciji.

Mai Fenti, Idi-Araba:
To, kiliyar wurin ta mutu, kuma babu man da zai dawo da ita. Ka goge bonet kawai, rufin kuwa sai an sake fesa shi.