Neman shawara: In karɓi aikin gini ko in tsaya a gona?

Mai tambaya: Assalamu alaikum ’yan’uwa. Manomi ne ni mai ƙaramar gona da iyali. Hatsin da nake samu ba ya kai mu kaka ta gaba, tun tsakiyar damina rumbu yake komawa fayau. Yanzu an yi mini tayin aikin leburanci a wurin gini, ana biya duk mako, amma aikin zai ci har cikin damina. Ina tsoron in bi kuɗi gona ta lalace. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam ɗana. Ka karɓa, amma ka yi sharaɗi tun farko cewa za a sake ka lokacin shuka da noman farko. Ciyawa ba ta jiran kowa. In ta rufe shuka a makonnin farko, ko ka zuba taki daga baya yabanya ba za ta murmure ba. Maimai kuwa kana iya sa ’yan ƙwadago da kuɗin aikin.

Malamin gona: Malam, ka lura da inda hatsinka yake tafiya. Yawancin ƙananan manoma da kaka suke sayarwa, lokacin da farashi ya faɗi, don biyan bashi ko magani, sannan su dawo su saya da tsada da damina. Babban amfanin kuɗin gefe shi ne ya hana ka taɓa rumbu, ya kuma ba ka damar sayen iri da taki a kan lokaci. Ba kai kaɗai ba ne, bincike ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar mutanen karkara a Afirka ba daga gona yake fitowa ba. Sai dai aikin gini yakan tsaya ba zato, kada ka rage shuka saboda shi.

Wata uwa: Yaya, ni abin da ke damuna daban ne. Kuɗi ya shiga aljihu ba shi ne ya shiga tukunya ba, na sha ganin haka. Ranar da aka biya ka, ware na abinci ka damƙa wa uwargida kafin ka zauna da kowa. In tana da ’yar sana’a, ƙara mata jari, ribarta a bakin yara take ƙarewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Gobe zan je in yi magana da mai aikin a kan makonnin shuka.