Ɗana ya fi ƙarfin ajinsu amma ya kasa zama wuri ɗaya

Assalamu alaikum iyaye da malamai, don Allah ina neman shawara.

Ɗana shekararsa 8, yana aji 3 a wata firamare nan Gwale. Kafin malami ya gama rubuta lissafi a allo ya faɗi amsa, daga nan sai tsokanar na kusa da shi da leƙen taga. Sun fi 70 a ajin, shi ma malamin ina tausaya masa. Amma jiya da shatin bulala a bayansa ya dawo, har yana cewa ya daina zuwa.

Babansa ya ce a tsallakar da shi aji 5, ni kuwa ina tsoron rashin natsuwar ya bi shi can. In fara kai shi Asibitin Malam Aminu Kano a duba shi, ko makaranta zan canza masa?