Hoton ƙirjina ya nuna "azygos lobe", in yi CT ko in wuce gwajin tafiya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na samu aikin tuƙi a Saudiyya, mako mai zuwa zan je gwajin lafiya. Na fara yin hoton ƙirji da kaina, sai takardar ta ce akwai azygos lobe a saman huhuna na dama. Ba na tari, ba na zazzaɓi, ban rame ba. Likita ya ce haka aka halicce ni, amma in ina son in samu natsuwa in yi CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Wanda ya taɓa gani ya ba ni shawara.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ka dinga shan zuma da habbatus sauda da safe, tarin zai tafi in sha Allah.

Ɗan Fagge: Na gode Hajiya, amma ba ni da tari.

Abu Sadiq: Ƙanena, kar ka yarda da "ba komai". Haka aka ce wa yayana. Gona ya sayar ya biya ejan, ranar gwaji suka ga ɗan tabo a huhunsa na tarin fukan da ya warke tun yana saurayi, suka ce bai cancanta ba. Ejan ya daina ɗaukar waya. Yau yayan nawa kabu-kabu yake yi da mashin ɗin wani, gonar kuma ta tafi. Mahaifiyarmu har ta rasu tana maganar gonar nan.

Maman Ilham: Allah Ya jiƙanta, Ya mayar masa da alheri.

Sista Rabi: Amin. Amma Abu Sadiq, tabon tibi daban, wannan daban. Wata jijiyar jini ce mai suna azygos, tun jariri yana ciki ya kamata ta zagaye saman huhun dama ta koma gefen zuciya, sai ta ratsa ta cikin huhun ta tsaga shi, ɗan sashen da ya rabu ya zama kamar ƙari, shi ne azygos lobe. A hoto siririn layi ake gani mai lanƙwasa, ƙarshensa kamar ɗigon ruwa. Wajen hoto 4 cikin 1,000 ake samunsa, kuma wani Bajamushe, Wrisberg, ya bayyana shi tun ƙarni na 18. Ba a shan magani. Sai dai ka faɗa in za a yi maka tiyatar ƙirji.

Abu Sadiq: Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba ke za ki sa hannu a takardarsa ba.

Sista Rabi: Gaskiya ne. Shi ya sa nake cewa ya samu likitan hoto ya rubuta masa rahoto da hatimi. Gwajin kaki na GeneXpert kuma kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Baban Gida: Kai ka samu gyara a huhu, mu ko a wajen mai nama ba a ba mu gyara! 😂

Injiniya Musa: CT naira dubu 45 na yi a Kano.

Abu Sadiq: Yaushe? Watan jiya dubu 90 muka biya wa ƙanwar matata.

Injiniya Musa: Wataƙila naku da allurar da ake sawa a jijiya ne.

Ɗan Fagge: To in na kai rahoton CT ɗin, masu gwajin za su karɓa, ko nasu hoton kawai suke dubawa?

Abu Sadiq: Ka fara faɗa mana, nawa ka riga ka ba ejan? Ya ba ka rasit?

Baban Gida: Rasit a wajen ejan? Nawa fasfona ma ya riƙe, sai da dattawan unguwa suka shiga maganar.

Injiniya Musa: Shin akwai wanda aka taɓa mayar wa kuɗinsa bayan ya faɗi gwaji? Maƙwabcinmu rabi aka yi masa alkawari, har yanzu shiru.

Ɗan Fagge: Dubu 600 na ba shi, babu rasit. Yanzu na kira shi, ya ce yana kan hanya zai neme ni.