Muhawara: a bar hoton nan a gurup ko a cire shi?

Admin:
Salamu alaikum jama'a. Tun daren jiya saƙonni ke shigo mini ta gefe kan hoton da aka turo nan, na saurayin da ake cewa wai shi ya kashe yaron nan mai gyaran waya da aka tsinci gawarsa bayan gari makon jiya, Allah ya jiƙansa. Wasu na cewa in cire, wasu na cewa in na cire na goyi bayan mai kisa. Hukuma dai har yanzu ba ta faɗi sunan kowa ba. Wanda ya turo ya zo ya faɗa mana hujjarsa a gaban kowa, sauran ma kowa ya faɗi nasa, amma ban da zagi kuma ban da kiran sunan kowa don Allah.

Ɗan Zango:
Ni na turo Admin kuma ban ɓoye ba. Hujja ta ɗaya, marigayin ya sa bidiyo a status ranar da ya ɓata, wannan yaron na bayansa a kan babur, duk wanda ya gani ya gani. Ta biyu kowa a fadarsu ya san marigayin na bin shi kuɗi. Ta uku tun da aka yi jana'iza ba a sake ganin shi a unguwa ba kuma wayarsa a kashe. To me ya rage? Ni abin da na tsaya a kai shi ne a wannan zamani in ƴan waya ba su tashi sun yi bincike da kansu ba to maganar talaka mutuwa take, a yi addu'ar bakwai a watse shi ke nan

Hajiya ta Birni:
Ɗana, ka taɓa hawa bayan babur ɗin abokinka? Ana bin ka bashi ko ba a bin ka? In haka ne hujja ai rabin samarin Damagaram masu kisa ne. Ni na san uwar yaron da kuka sa hotonsa, jiya ko ƙofar gida ba ta iya leƙowa ba, ƙannensa mata ba su je lakwal ba saboda yara na nuna su. Ita ma uwa ce kamar uwar marigayin.

Ɗan Zango:
Hajiya da girmanki, amma ita ɗanta na da rai, waccan nata na cikin kabari

Mushe:
Ni ina ganin Ɗan Zango ya haɗa magana biyu wuri guda. Cewa jama'a su yi ta magana har a yi bincike, wannan ina tare da shi ɗari bisa ɗari, kuma tarihin ƙasarmu ma ya ishe mu. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka harbe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin Yamai, da rana tsaka, a gaban mutane, shugaban ƙasa sukutum, amma tsarin mulkin da aka yi a shekarar nan ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999, aka rufe ƙofar shari'a. Iyalinsa suka yi ta bin maganar shekara da shekaru sai a 2015 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce an tauye musu haƙƙi a biya su diyya. To in na shugaban ƙasa ya kwanta haka, dole ɗan talaka ya ji tsoron nasa zai kwanta, ban ga laifin wannan tsoron ba. Amma iyalin Bare kotu suka je da lauyoyi da takardu, ba su ɗauki hoton wani sun ce jama'a ga shi nan ku kama ba. Inda muka rabu da kai ke nan.

Ɗan Zango:
Madalla Mushe kai da kanka ka ba ni hujja. Norbert Zongo fa na Burkina? An kashe shi a Disamba 1998 aka ƙone shi cikin mota shi da mutum uku, da mutane ba su fito sun yi ta ihu ba wa zai kafa kwamitin bincike? A 2006 alƙali ya rufe maganar, jama'a ba su yi shiru ba har aka sake buɗewa bayan faɗuwar shugaba Blaise Compaoré. Sankara ma, shugabansu da aka kashe tun 1987, sai 2022 aka yanke hukunci. Duk surutun jama'a ne ya riƙe su

Mushe:
Ƙwarai surutun jama'a ne ya riƙe su. Amma duba abin da suke ihu a kai: a yi bincike, a kai kotu. Shi Zongo ɗin kansa ɗan jarida ne, yana bin maganar mutuwar direban ƙanen shugaban ƙasa, yana neman shaidu yana rubutawa a jaridarsa, in ya yi ƙarya an san inda za a same shi. Wanda ya fara haɗa hoton nan da jan da'ira a fuskar yaron wa ya san shi? Kai ma turo maka aka yi.

Mai shago a Kasuwar Dole:
Ni dai ban iya dogon turanci ba amma ina zuwa Kano sayen kaya, na ga yadda maganar yarinyar nan ƴar shekara 5 ta kasance, wadda mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe. Facebook ya ɗau wuta, kowa na kuka, kafin a ce me an kai shi kotu, 2022 aka yanke masa hukuncin kisa. Da shiru aka yi ina tabbatar muku da yanzu ana nan ana ɗage zama. Don haka ni ina bayan Ɗan Zango

Ƴar shari'a:
Alhaji gaskiya ne zafin jama'a ya sa shari'ar nan ta yi sauri, amma ba ƴan Facebook suka gano mutumin ba, jami'an tsaro suka kama shi ta hanyar maganar kuɗin fansa, sannan jama'a suka ji sunansa. Bari in faɗi abin da ke damuna a matsayin wadda ta yi karatun shari'a a Tawa, don ina ganin mutane ba su san ɓarnar da hoton nan ke yi wa shi kansa marigayin ba. A tsarinmu kisa alƙali mai bincike ake ba, shi ke kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya, kuma bincikensa sirri ne, ba don a ɓoye wa talaka ba, don kada shaidu su haɗa baki kuma kada mai laifi ya san inda aka dosa. Yanzu a ce akwai wata mata da ta ga mutum biyu sun wuce a babur da daddare, ba ta ga fuska sosai ba, ta kwana uku tana ganin hoton nan a wayar ɗanta ana ce mata shi ne. Ranar da za a tambaye ta fuskar wa za ta tuna? Ta hoton za ta tuna, kuma ba ƙarya take ba a ranta, haka ƙwaƙwalwar mutum take. Lauyan wanda ake zargi kuwa abu na farko da zai tambaye ta shi ne kin ga hotonsa a WhatsApp kafin ki zo? Ta ce e, shaidarta ta yi rauni. Ke nan ko da yaron nan ne ya yi, kun taimake shi. In kuma ba shi ba ne, mai laifin na gaske na zaune cikin wani gurup yana karanta duk abin da aka sani da wanda ba a sani ba, ya san wayar da zai jefar da maganar da zai shirya.
Sannan abin da zai nuna inda waya take a daren, da wanda aka kira na ƙarshe, yana wurin kamfanin waya, kuma ba a ba kowa sai da takardar hukuma. Mu nan status kawai gare mu.

Ɗan Zango:
To ƴar'uwa in ba shi ba ne me ya sa ya gudu

Ƴar shari'a:
Yaya, in kai ne ka tashi da safe ka ga fuskarka a gurup goma an rubuta mai kisa, za ka zauna a fada kana shan shayi?

Malam na Garin Malam:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ɗan Zango niyyarka mai kyau ce, jinin mumini ba abin wasa ba ne kuma neman haƙƙinsa wajibi ne. Amma Allah da ya haramta jinin marigayin shi ya haramta mutuncin wanda ke raye. A Suratul Hujurat aya ta 6 an umarce mu mu tabbatar da labari kafin mu cutar da wasu cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama, aya ta 12 kuma ta ce mu nisanci yawan zato. A fiƙihunmu na Malikiyya ba a tabbatar da kisa da an ce wai, akwai shaidu adilai, akwai iƙirari, akwai ƙasama, wato rantsuwar dangin wanda aka kashe, da sharuɗɗanta, kuma duka a gaban alƙali ake yi. Wanda ya tura ma yana da kaso cikin alhakin, kada wani ya ce ai ni turawa kawai na yi.

Ɗan ci-rani:
Ni daga kudancin Najeriya nake rubutu kuma maganar nan ta taɓa ni sosai. Maris 2025 a Uromi jihar Edo, mafarauta ƴan arewa 16 suna hanyar komawa gida Sallah aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su nan take. Ranar duk mun yi kuka mun ce an kashe ƴan'uwanmu a kan zato. Waɗanda suka yi ma ai a ransu suna ganin garinsu suke karewa, su ma sun ce hukuma ba ta komi. Ni wallahi tsoro nake ji, samarin unguwa ransu a ɓace yake, in suka ci karo da yaron nan a tashar Mirya ko Magarya ba za su tsaya tambaya ba, kuma wanda aka kashe ba a dawo da shi don an gano ba shi ba ne

Mai shago a Kasuwar Dole:
Wannan kam gaskiya ne Allah ya kiyaye. Amma Damagaram ba Edo ba ce

Mushe:
Alhaji ba maganar gari ba ce. A Amurka 2013 da aka tada bam a gasar gudu ta Boston, ƴan shafin intanet na Reddit suka zauna suna duba hotuna suka ɗora wa wani ɗalibi da ya ɓata tun kafin abin, aka addabi iyayensa da ke neman ɗansu, daga baya aka tsinci gawarsa a ruwa, ba ruwansa da bam ɗin ko kaɗan, har shafin ya fito ya ba da haƙuri. A Indiya 2018 jita-jitar satar yara ta WhatsApp ta sa aka kashe mutane da dama, shi ya sa kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, wannan iyakar da kuke gani a wayarku daga can ta samo asali.

Ƴar shari'a:
Kuma Admin ka sani akwai dokar laifukan intanet ta 2019 a ƙasar nan, a 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta waya. In iyayen yaron nan suka kai ƙara, lambar wanda ya turo tana nan a bayyane.

Ɗan Zango:
Ni ba a tsorata ni da kaso. Marigayin tare muka taso, ni na ɗauki makararsa. Kuna ta ba ni labarin Amurka da Indiya ni kuma uwarsa nake gani kullum tana tambaya ta ko an ji wani abu, me zan ce mata? In ce ta jira sirrin bincike?

Hajiya ta Birni:
Allah sarki ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Ba wanda ya ce ka yi shiru. Ka ɗauke ta ku je tare a tambaya, in ba a saurare ku ba ku koma, mu ma mata za mu raka ta.

Ƴar shari'a:
Akwai abin da za ka ce mata Yaya. Iyayensa na da damar shiga shari'ar a matsayin masu neman haƙƙi, in suka ɗauki lauya shi yana iya ganin dosiye ya kuma nemi a saurari wani shaida. Bidiyon status ɗin nan kada ka goge, kada ka ƙara masa rubutu ko kiɗa, ka kai shi yadda yake da ranar da aka sa. Maganar bashin ma wanda ya ji da kunnensa shi zai je ya faɗa.

Mai kabu-kabu:
Ni tun ɗazu ina karantawa ban yi magana ba. Daren da abin ya faru na dawo daga kai wani fasinja wajen nan na ga wani abu, ban faɗa wa kowa ba don tsoron kada a riƙe ni a yi ta kira na ina rasa aiki. Kuma gaskiya abin da na gani bai yi daidai da abin da ake faɗa a nan ba

Admin:
Tsaya nan ɗan'uwa, kada ka rubuta komi a gurup kuma kada ka yi vokal. Kowa ma kada ya bi shi ta gefe da tambaya.

Ɗan Zango:
Ai gara ya faɗa kowa ya ji, in an kai can wa ya san inda maganar za ta tsaya

Mushe:
Gobe ba ni da aji da safe. Mai kabu-kabu ni zan raka ka komisariya, Ɗan Zango kai ma ka zo da bidiyon mu tafi tare ka ji da kunnenka an rubuta.

Ɗan Zango:
Zan zo. Amma ni har yanzu zuciyata na kan yaron nan, kuma in aka yi wata guda ba a ji komi ba zan dawo da maganar nan gurup

Admin:
Ka dawo da ita, mu ma za mu tambaya tare da kai, amma ba da hoton kowa ba. Na cire hoton yanzu, wanda ya sake turo shi ko sunan yaron ko na gidansu zan fitar da shi. Masu zuwa gobe ku haɗu ƙofar gidan marigayin ƙarfe 8, Hajiya ki yi wa mahaifiyarsa magana tun yau ta shirya.